Ƙirƙirarriyar basira a kasuwa: wa ke cin ribar wannan surutu?

Malamin Lissafi (Yamai):
Assalamu alaikum iyayena da ƴan uwana ƴan kasuwa. Akwai al'amarin da nake so mu duba da natsuwa, domin ya fara cin kuɗin mutane. Tun ƙarshen shekarar 2022, lokacin da kamfanin OpenAI ya fito da ChatGPT, manhajar da ke amsa tambaya da yin rubutu kamar mutum, da wuya a tallata wata haja ta zamani ba a liƙa mata sunan ƙirƙirarriyar basira ba, kuma yanzu guguwar ta iso mu. A nan Yamai ana yawan turo takardar gayyata zuwa bita a ɗakin taron wani otal, an rubuta IA, wato gajeren sunan ƙirƙirarriyar basira da Faransanci, da manyan haruffa, an yi alkawarin cewa duk wanda ya biya sefa 25,000 ya zauna yini biyu zai ninka cinikinsa. Ni aikina riƙe wa shaguna lissafi ne, ina ganin abin da ke shiga da abin da ke fita, kuma a cikin littattafan da ke hannuna ban ga wanda ribarsa ta ƙaru saboda wannan abu ba. Abin da na gani shi ne sabon layi a ɓangaren kuɗin da aka kashe.

Kada a ɗauka ƙin zamani ne ya sa ni magana, domin can inda aka ƙera abin ma hukumomi sun kama masu yi masa ƙarya. A watan Maris na 2024, hukumar da ke kula da hada-hadar hannun jari a Amurka ta ci tarar kamfanoni biyu masu ba da shawarar zuba jari, Delphia da Global Predictions, dalar Amurka 400,000 a haɗe, saboda sun gaya wa jama'a suna aiki da ƙirƙirarriyar basira ta hanyar da ba haka take ba. Tun kafin nan, a 2019, wani kamfanin zuba jari na Landan mai suna MMC Ventures ya duba sababbin kamfanoni 2,830 na Turai da ake lissafawa cikin masu wannan fasaha, ya ce a kusan kashi 40 cikin ɗari bai ga shaidar cewa tana da muhimmanci a aikinsu ba. Idan haka ta faru a inda ake da masu bincike da masu cin tara, me zai hana ta faru a nan, inda mai talla ya san babu wanda zai tambaye shi hujja?

Matashi Mai Talla (Yamai):
Wa alaikumus salam Malam. Da girmamawa, ina ganin ka haɗa mai gaskiya da maƙaryaci ka yi musu hukunci ɗaya. Ni da wannan abin nake cin abinci. A da, idan ɗan kasuwa yana son wasiƙa da Faransanci zuwa ga wanda yake saro kaya wurinsa, sai ya nemi mai rubuta masa, ya jira, ya biya. Yanzu ina zama da shi, ya faɗi abin da yake so da Hausa, cikin ƴan mintoci mu fitar da wasiƙa mai tsabta, mu kuma juya ta zuwa Turanci ko Sinanci idan mai kayan yana birnin Guwanzu na ƙasar Sin. Haka nan rubutun talla na Facebook da gyaran hoton kaya. Wannan aiki ne na gaske, kuma lokacin da aka rage ba zai fito a littafinka ba, tun da babu layin da ake rubuta wahalar da mutum bai sha ba. Tsorona shi ne mu tsaya muna zargi, maƙwabta su wuce mu, kamar yadda wasu iyayenmu suka ƙi tura kuɗi ta waya da farko, yau kuma babu wanda ke ɗaukar jakar kuɗi daga Yamai zuwa Maraɗi sai da larura.

Hajiya Mai Atamfa (Wadata):
Ɗana, Allah ya yi wa nemanka albarka, maganar wasiƙa ba ni da ja a kanta. Amma bari in faɗa maka abin da ya faru a shagona. Wani yaro, ba zan ambaci kamfaninsu ba, ya ɗora mini abin da zai riƙa amsa wa masu saye a WhatsApp ko da ina barci. Ya gwada shi a gabana da Faransanci, na ga yana amsawa tsaf. Abin da bai lura da shi ba shi ne mafi yawan matan da ke sayen kayana ba su rubutu, murya suke turowa, wata da Hausa, wata da Zabarmanci, wata ta gauraya su duka da Faransanci a numfashi ɗaya. Kuma ba su fara da tambayar kuɗi. Za ta gaishe ni, ta tambayi yara, ta yi mini barka da dawowa, ta ba ni labarin bikin ƙanwarta, sai can a ƙarshe ta ce ko akwai irin wadda na sayar wa maƙwabciyarta kafin salla, amma mai ruwan ƙasa-ƙasa. Na'urar ta amsa wa wata babbar ƴar kasuwa daga Dosso da jerin farashi, babu sallama babu gaisuwa, matar ta kira ni tana tambaya ko wani laifi ta yi mini.

Na hoto ma ya fi ba ni haushi. An gyara hoton wata shadda har ta yi ƙyallin da ba ta da shi, launinta ya tashi daga shuɗi mai duhu ya koma mai haske. An yi oda da yawa, gaskiya ne, amma turmin da aka dawo mini da shi da kuɗin ɗan kabu-kabu na kai da komowa sun cinye ribar. Wadda ta dawo da kaya sau ɗaya kuwa, ko ba ta faɗa ba, ta rage yarda da kai, kuma mu da yarda muke ciniki, tun da rabin kayanmu bashi ake ɗauka.

Alhaji Mai Albasa (Tahoua):
Hajiya ta taɓo inda ke yi mini ƙaiƙayi. Mu a harkar albasa abin da ake kawo mana shi ne hasashen farashi. Ana cewa akwai manhajar da za ta gaya maka ranar da ya kamata ka buɗe rudu, wato rumbun ajiyar albasa, ka sayar. To, duk yaron da ya tashi a Galmi ko Madawa ya san cewa albasa tana faɗuwa lokacin da kowa ya kwashe a watan Maris da Afrilu, ta kuma tashi idan damina ta yi nisa kaya suka yi ƙaranci. Wannan ba ya bukatar na'ura. Abin da muke so a gaya mana shi ne abin da ba mu sani ba, kuma nan ne na'urar take yin shiru. Wace manhaja ce ta hango cewa bayan juyin mulkin 26 ga Yuli 2023 ƙungiyar ƙasashen Afirka ta Yamma, CEDEAO, za ta sa takunkumi, a rufe iyaka, manyan motoci cike da albasa su tsaya a hanya kayan suna ruɓewa? Wace ce ta san direba zai kwana nawa yana jiran rakiya, ko nawa za a tsaya a biya a duwan, ko cewa ruwan sama ya shiga rudun wane kwata ya lalace?

Farashin gaskiya yana bakin dillalai. Da asuba ina kiran mutumina a Kumasi da wani a Abijan, su gaya mini motoci nawa suka shigo jiya da yadda aka tashi kasuwa, kuma sun gaya mini ne saboda shekarun da muka yi tare ba mu taɓa cin amanar juna ba. Wannan labari ba a rubuce yake a ko'ina ba, balle wata na'ura ta karanta shi. Masu tallar nan suna tuna mini da mai maganin da ke kafa lasifika a tasha, kwalba ɗaya tana maganin basir da ciwon baya da rashin haihuwa da baƙin jini, kuma idan ka sha ba ka warke ba sai ya ce ba ka bi ƙa'ida ba.

Abin da na ga ya amfani manomanmu ba shi da wannan babban suna. Cibiyar kira ta RECA, haɗakar majalisun manoma ta Nijar, inda manomi zai tura hoton ganyen da tsutsa ta ci ko ya yi magana da harshensa, ma'aikacin gona ya amsa masa, ta fi mini duk wani hasashe.

Injiniya (Yamai):
Baba Alhaji, abin da ka faɗa shi ne ainihin matsalar, ko da yake ba da kalmominmu na masu kwamfuta ka faɗe shi ba. Irin waɗannan na'urori ana horar da su ne da bayanan da aka riga aka tara. Masu rubutu irin ChatGPT an ciyar da su rubuce-rubuce masu ɗimbin yawa, suka koyi wace kalma ce ta fi dacewa ta biyo bayan wata, shi ya sa maganarsu take fita sumul ko da abin da suke faɗa ba gaskiya ba ne. Ba su da wata alama a murya da ke nuna sun fara ƙage. A 2023 wata kotu a Niyok ta ci tarar wasu lauyoyi dalar Amurka 5,000 saboda sun gabatar da hukunce-hukuncen da ChatGPT ya ƙirƙiro musu, da sunaye da lambobi, alhali shari'o'in ba su taɓa faruwa ba. Masu hasashen ciniki kuwa suna bukatar lissafin shekaru a rubuce, na kowace rana da kowace haja. Shagon da lissafinsa yake cikin littafin makaranta, rabi kuma a kan mai shi, babu abin da za a ba na'urar ta koya. Duk wanda ya ce zai hasashe maka cinikin wata mai zuwa bai nemi ganin na watannin baya ba, to zato kawai yake sayar maka.

Akwai kuma abin da ba a so a faɗa, wato sau da yawa mutane ne a bayan labule. Amazon ta yi shekaru tana tallar shagunan da za ka ɗauki kaya ka fita ba ka tsaya wurin biya ba, na'ura ta lissafa da kanta. A watan Afrilu na 2024 ta sanar da cire tsarin daga manyan shagunanta na kayan abinci a Amurka, kuma rahotanni sun ce akwai ma'aikata wajen 1,000 a Indiya da ke duba hotunan bidiyo, ko da yake kamfanin ya ce aikinsu horar da na'urar ne da tantance wani ɓangare kawai. A watan Afrilu na 2025 kuma masu gabatar da ƙara a Amurka sun tuhumi wanda ya kafa manhajar sayayya mai suna Nate da yaudarar masu zuba jari, bisa zargin cewa abin da ya kira ƙirƙirarriyar basira ɗaruruwan ma'aikata ne a Filifin suke yi da hannu.

Game da harshe, Google ya sa Hausa cikin fassararsa tun 2013, kuma an samu ci gaba sosai, amma mafi yawan abin da aka koya wa na'urorin rubutacciyar Hausa ce irin ta labarai. Maganar kasuwa da baki, mai jikka da dala da gauraye da Zabarmanci, wani abu ne daban, shi ya sa abin Hajiya ya kasa.

Matashi Mai Talla (Yamai):
Yaya Injiniya, na yarda da misalanka, amma kowace sabuwar fasaha haka take farawa. A shekarar 2000 ma an yi hauka a kan intanet, kamfanoni da yawa suka rushe, masu dariya suka yi dariya. Yau ga shi da intanet ɗin muke wannan muhawara. Rushewar wasu ba ta nuna abin banza ne ba.

Malamin Lissafi (Yamai):
Ƙanena, misalin da ka kawo nawa ne, ba naka ba. Intanet ta tsaya, haka ne, amma kasuwar hannun jari ta Nasdaq ta yi asarar kusan kashi 78 cikin ɗari na darajarta tsakanin Maris 2000 da Oktoba 2002, kuma ba ta koma inda take ba sai 2015. Fasahar ta rayu, kuɗin waɗanda suka yi gaggawa ne suka mutu. Ni ban ce ƙirƙirarriyar basira za ta ɓace ba. Tambayata ita ce aljihun wa zai ɗauki nauyin gwaji, kuma ba na so ya zama na mai shagon da jarinsa duka bai kai kuɗin motar mai tallar ba.

Mu yi lissafi a fili. Biyan ChatGPT Plus na wata dalar Amurka 20 ne, wato wajen jikka 11 (sefa 11,000), alhali mafi ƙarancin albashi a ƙasar nan sefa 42,000 ne. Fiye da kwatan albashin ma'aikaci ke nan, ba a sa kuɗin intanet ba, ba a sa na katin banki da za a biya da shi ba, ba a kuma sa ranakun da kuran ya ɗauke ko rezo ya yi rauni ba. Ga wanda ke rubuta wasiƙu da talla kullum kamar kai, yana iya mayar da kuɗinsa, kuma ban hana ka ba. Ga mai sayar da shinkafa da mai a kasuwar Katako, me zai yi da shi?

Sannan ka duba Klarna, kamfanin biyan kuɗi na Suwidin. A watan Fabrairu na 2024 ya yi shelar cewa na'urarsa mai amsa wa abokan ciniki tana yin aikin mutum 700, duniya ta ɗauka. A watan Mayu na 2025 shugaban kamfanin da bakinsa ya ce sun fifita rage kuɗi har ingancin aiki ya ragu, kuma za su sake ɗaukar mutane. Shelar farko ita ce har yanzu ake nunawa a bitocin otal, ta biyun ban taɓa jin wani mai koyarwa ya ambace ta ba.

Lauya (Plateau):
Ina gaida iyaye. Akwai ɓangaren da ba a taɓo ba, wato wa ke ɗaukar laifi idan na'ura ta yi kuskure. A Kanada, wani mutum da kakarsa ta rasu ya tambayi na'urar amsa tambayoyi ta kamfanin jiragen Air Canada game da rangwamen da ake yi wa masu tafiya jana'iza, ta gaya masa ya sayi tikiti ya nemi ragin daga baya, alhali dokar kamfanin ba ta yarda da haka ba. Da aka je gaban kotun sasanta ƙananan ƙararraki, kamfanin ya nemi ya nuna cewa na'urar ita ke da alhakin maganarta. A watan Fabrairu na 2024 kotun ta yi watsi da wannan, ta ce abin da ke shafinka maganarka ce, ta umarce shi ya biya. Hukuncin Kanada ba ya aiki a Nijar, amma hankalin da ke cikinsa kowane alƙali zai gane shi. Saboda haka Hajiya, da na'urar nan ta faɗa wa wata farashin da ya gaza na sari, ke za a riƙe, ba yaron da ya ɗora ta ba, sai fa idan kun rubuta yarjejeniyar da ta ce shi zai biya.

Na biyu, bayanan abokan ciniki. Idan aka ce ka loda lambobin wayar masu sayenka, da sunayensu, da bashin da ake bin kowa, cikin wata manhaja ta kyauta, ka tambayi kanka ina suke tafiya, domin banza ba ta kai zomo kasuwa. Nijar tana da dokar kare bayanan mutane tun 2017, da hukumar HAPDP da ke kula da ita, kuma wanda ya tara bayanan shi ne farkon wanda za a tambaya. Jerin masu bashinka sirrin mutane ne kafin ya zama dukiyarka.

Mai Canji (Birnin Ƙonni):
Mu da ke bakin iyaka mun ga mafi munin nau'in abin. A watan Afrilu na 2025 wani dandali mai suna CBEX ya rufe da kuɗin jama'a a Najeriya. Alkawarinsa shi ne ƙirƙirarriyar basira ce ke yi maka cinikin kuɗin intanet, ta ninka maka jarinka cikin kwana 30. Mutane suka fusata har suka fasa ofishinsa a Ibadan, hukumar EFCC ta shiga bincike. Wanda ya tuna dandalin zuba kuɗi na MMM a 2016 ya san tsohuwar dabara ce, kuɗin na baya ake biyan na gaba da shi. Bambancin kawai shi ne a da idan ka tambayi inda ribar ke fitowa sai a yi ta kame-kame, yanzu kuwa sai a ce na'ura ce, ta fi ƙarfin fahimtarka, mutum ya ji kunyar sake tambaya don kada a ce shi baƙauye ne. Na canza wa mutane sefa zuwa naira da hannuna suna rawar jiki za su zuba, wanda na ja wa kunne ya ce hassada nake yi.

Matashi Mai Talla (Yamai):
Wannan damfara ce tsagwaronta, kuma ba na so a haɗa sana'ata da ita. Tun da gani ya kori ji, ga abin da nake nema. Hajiya, ki ba ni wata ɗaya in riƙa shirya miki tallar kaya, ba na karɓar ko dala sai an ga sakamako. Ba zan taɓa launin hoto ba, kuma ba zan sa na'ura ta amsa wa kowa ba, rubutun talla da tsara lokacin sakinsa kawai zan yi.

Injiniya (Yamai):
Tayin ya yi kyau, amma a kula da yadda za a auna. Kada a yi gwajin a watan salla ko lokacin da bukukuwa suka yi yawa, domin ciniki zai tashi ko da talla ko babu, a ce na'ura ce. Kada kuma a ƙirga yawan waɗanda suka danna alamar so ko suka tambayi farashi. A raba kayan gida biyu masu kama da juna, rabi shi ya tallata, rabi Hajiya ta yi yadda ta saba, a ƙarshe a ƙirga turmin da aka biya kuɗinsa ba a dawo da shi ba, a cire kuɗin intanet da na manhaja.

Hajiya Mai Atamfa (Wadata):
Na amince, ɗana, bisa sharaɗi uku. Lambobin matan da ke saye wurina ba za su bar wayata ba. Duk rubutun da za ka saka sai ƴata ta karanta mini shi na ji, domin ba na son a kira atamfar roba da sunan Holan a bakina. Lissafin kuma Malam ne zai riƙe, ba kai ba, ba ni ba. Ka zo shago ranar Asabar bayan la'asar, lokacin kasuwa ta lafa, mu ware kayan.